Motar langa-langa mai shokazoba

Wata Asabar ce da hantsi, cikin daminar shekarar da nake aji shida na firamare. An aike ni in kai wa Baba abinci a masaƙar da yake aiki a Sharaɗa, ina tafe da kwano ɗaure a tsumma, sai na ji ƙara daga bayana kamar jirgi ya sauko ƙasa. Na yi tsalle na koma bakin kwata. Wata 'yar jar mota ce, jikinta duk lambobi da rubutu, ta ɗan wani Kwara, Balarabe mai kamfani, irin wadda suke tseren daji da ita. Titin nan na jar ƙasa da manyan motoci suka rarake, wanda motar haya ke bi tana nishi kamar tsohuwa mai ciwon baya, ita ta bi ta kansa ko rage gudu ba ta yi ba. Ƙafafunta na gaba na faɗawa ramuka suna fitowa, amma jikinta ko gezau. Rabin miyar Baba ta zube, na sha faɗa a bakin get, ni dai hankalina na kan ƙafafun nan.

Sai da na bi sawu na gano garejin da ake duba ta, bayan wata ma'ajiyar fatu. Na tarar an ɗage ta an cire tayoyin gaba. A kowane gefe ga wani ƙaton sifirin a tsaye, ga ƙarfe kamar famfon keke ya ratsa ta cikinsa. Bakaniken, wani siririn mutum da ake kira Ɗanliti, ya gaji da tsayuwata ya ce, "Kai ɗan wa ne, maye? Sifirin shi ke karɓar duka, shokazoba shi ke hana shi ramawa. To ka ji, ɓace min da gani." Iyakar karatun da aka taɓa yi mini kan mota ke nan.

Gidanmu gidan haya ne, cike da ma'aikatan kamfani, wasu daga ƙauyukan Ringim kamar mu, wasu daga Nijar. Kullum akwai wanda ya kwana aiki yana barci da rana, don haka yara waje ake kora mu. In na gama jidon ruwa daga famfon unguwa, na yanko wa akuyar Inna ciyawa a bakin lambatu, sai bolar kamfanoni. Can ne arzikinmu yake: langa-langar ɗaurin dila, waya, gwangwanin madara, tsofaffin silifa da muke yanka taya da su. Kowane yaro na da motarsa mai dogon sitiyari, muna tsere daga gindin darbejiya zuwa kwalbati, wanda tasa ta kife a yi masa ihu. Dukkansu kuwa kifewa suke yi, don ƙafafunsu a ƙame suke.

Ni na rantse tawa ba za ta kife ba. Na tono ƙananan sifirin na injin saƙa da aka zubar, na kafa su a gaba. Da na tura ta sai ta dinga tsalle kamar kwaɗo, yara suka yi ta dariya har da faɗuwa. Nan maganar Ɗanliti ta dawo mini, ashe sifirin ramawa yake yi. Na je bolar wani kemis na tsinto sirinjin allura guda biyu, na zura kowanne cikin sifirinsa. Na fara ɗura musu baƙin mai, ya tsiyaye ya ɓata mini wandon makaranta, Inna ta ba ni kashi. Daga baya na gane in na matse bakin sirinjin da garwashi, ya rage 'yar ƙofa kamar ta tsinin allura, iska kaɗai ta isa. Sai kuma motar ta karkace hagu, saboda sifirin ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wajen matse shi in rage ya kuɓuce ya fasa mini gira, tabon na nan har yau. Da wannan ya gyaru sai ta koma ja gefe, na kwance duka na sake dasa su a miƙe daidai da juna. Ranar da ta zauna, na ɗora mata rabin bulo na tura ta kan tsakuwa, ta wuce sumul tana ɗan huci. Babu wanda ya yi dariya.

A makon ne hedimasta ya sanar a layin safe cewa mutum biyu da suka fi kowa a jarrabawar aikin hannu su za a tura su zauna jarrabawar makarantar fasaha ta kwana. Can gwamnati ke ciyarwa, can ake koyar da gyaran inji. Baba ya riga ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye, in ban samu irin wannan ba, daga aji shida karatuna ya ƙare. Ban damu ba. Na san abin da 'yan ajinmu za su kawo: tsintsiya da mafici da igiya, yawancinsu ma daga kasuwa.

Malam Garba, malamin aikin hannu, hanyar gwajinsa ɗaya ce tun kafin a haife mu. Kowane abu girgiza shi yake yi. Tsintsiya in ta zubar da tsinke ta faɗi, kujera in ta yi rawa ta faɗi. Abin da ya ƙame shi ne aiki. Ya zauna a inuwar maina da jan bironsa, muka yi layi. Da aka zo kaina na ajiye motata, ya danna gabanta da tafin hannu, ta lotsa, ta taso a hankali yadda na sha wahala in sa ta yi. Ya sake dannawa. Ya ce, "Kai, ko ɗaure ƙafar ba ka iya ba?" Na ce, "Malam, da gangan ne, ku bari in tura ta ku gani." Ya ce au, ni zan koya masa aiki? Ya aiki monita ya ɗauko filaya da waya, ya naɗe ƙafafun nan biyu tamau a gabana, har na ji sirinji ɗaya ya fashe. Ya girgiza ta, ba ta motsa ba. Ya miƙo mini yana cewa, "Ka ga yadda ake yi." Sannan ya ba ni bulala saboda musu da babba. Wallahi mutumin nan har zuciyarsa gani yake taimakona ya yi, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Waɗanda aka zaɓa, ɗaya kujerar tsuguno ya kawo, kowa ya san kafintan da ya yi ta a Sabon Gari, ɗayan kuma tabarmar kakarsa.

Na koma gida ina kuka na ce Baba ya je ya yi magana. Yana ɗaura takalmi zai tafi aikin yamma, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Lebura ba ya ja da mai alli." Inna ta ce haƙuri maganin zaman duniya. To na sha maganin nan shekara da shekaru, ban ga ciwon da ya warkar ba. Na nemi a kai ni garejin Ɗanliti ma, Baba ya ce ya riga ya yi wa wani kofur mai kula da leburori alkawari a kamfanin jima na Challawa. Can na shiga wankin fata tun muryata ba ta fashe ba.

Yanzu gadi nake yi a wata ma'ajiya a Bompai, ina buɗe wa tirela ƙofa. Masaƙar su Baba ta daɗe a rufe, ciyawa ta cinye harabar. Bolar ma babu, duk guntun ƙarfe 'yan gwangwan sun tsince sun kai sikeli, yaron yanzu ko yana so ba zai sami waya ɗaya ya lanƙwasa ba. Wani lokaci da la'asar nakan ga yaran unguwa sun haɗa kai a kan wayar salula ɗaya suna kallon tseren motoci, sai in ji ina marmarin ihun nan namu na bakin kwalbati. Har yau ban san irin bakaniken da zan zama ba, kuma babu wanda zan tambaya.