Ranar da Mai Moussa Ya Hau Jirgin Masoya

Idan kai ɗan Nijar ne mazaunin Lyon ta ƙasar Faransa, ka ga ɗiyar mutane kana so, to ba ubanta ne abin tsoro ba. Uban yana can Maraɗi ko Damagaram, murya ce kawai a waya. Mai Moussa ne abin tsoro.

A gida, kafin a ba mutum mata, sai an bi sawunsa. A tambayi liman, a tambayi mai shayin bakin layi, a tambayi tsohuwar da ta ga yarintarsa. A nan wa za a tambaya? Maƙwabcinka ko sunanka bai sani ba. Shi ya sa iyaye suke buga wa Mai Moussa waya su ce, "Ga wani yaro, ka duba mana shi." Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda yake biyansa. Amma in ya ce a'a, sai dai ka nemi wata.

Mutumin Tasawa ne. Ya zo Faransa tun yana da baƙin gashi, ya yi dako a kasuwa, ya yi wanke-wanke a gidan abinci, daga baya ya samu gadin wani gidan ɗalibai a Villeurbanne da ke gefen Lyon, kusa da inda tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ke tsayawa. A nan ya tsufa, a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa, shi da matarsa Tanti Biba. Gajere ne, siriri, kuma in yana sauraronka sai ya ƙanƙance ido ɗaya. In ka tsawaita gaisuwa ya ce akwai abin da kake nema. In ka gajarta ya ce akwai abin da kake ɓoyewa. Na taɓa raka shi wurin mahauci a Rillieux, mutum ya manna takardar halal ƙatuwa a jikin gilashi, Mai Moussa ya dube shi ya ce ya nuna masa alƙibla.

Tanti Biba ta ce ba haka aka haife shi ba. Da can ya taɓa tsaya wa wani ɗalibi mai ladabi, mai sunkuyar da kai, ya ce wa iyayen yarinya su ba shi, shi ya lamunce. Bayan biki aka gane mutumin ɗan cacar dawaki ne, har kayan ɗakinta ya kwashe. Uban yarinyar ya kira Mai Moussa, bai zage shi ba, kuka kawai ya yi. Tun daga nan ba ya yarda da labari, sai abin da idonsa ya gani.

Ni sunana Isufu. Na zo Villeurbanne karatun lantarki, amma ni da aji jininmu bai haɗu ba. Malami na magana, ƙafata na rawa. Na zauna a gidan da Mai Moussa ke gadi, ya san ni sarai, domin ni ne nake kwaikwayon tafiyarsa a bayansa ɗalibai na dariya. Da na ajiye karatu na koma Paris, ina kwana wurin wani aboki a La Courneuve, na samu aiki a wani ɗan jirgin ruwa a kan kanal Saint-Martin, wata hanyar ruwa da aka haƙa a cikin birnin.

Jirgin na masoya ne. Mutum biyu kacal yake ɗauka, mace da namiji, da kujera mai laushi, da furanni, da kwalbar giyar shampan a cikin bokitin ƙanƙara. Nassim, mai jirgin, shi ke tuƙi. Ni ke riƙe igiya, in ɗauki hoto, in kawo kwalba, in yi wa kiliyan, wato masu hawa jirgin, zance mai daɗi. In 'yan gida suka tambaye ni aikina sai in ce "transport fluvial", in faɗe shi da nauyi yadda ba za a ƙara tambaya ba.

Sai ga Nuriyya. Tana karatun kimiyya, tana zaune a gidan nan na Villeurbanne, kuma kicin ɗin Tanti Biba ne wurin hirarta. Mun daidaita, ta gaya wa babanta, Alhaji Muhammad Awwal na Maraɗi. Alhaji ya ce kada kowa nawa ya taka ƙofarsa sai Mai Moussa ya duba ni. Ranar da na ji haka ko abinci bai shiga ba.

Zuwansa na farko ba na nan. Nassim ne ya ba ni labari yana dariya. Wai wani tsoho mai hula ya zo bakin ruwa ya ce a zaga da shi. Nassim ya ce masa jirgin na mutum biyu ne, miji da mata ko saurayi da budurwa. Tsohon ya tambayi dalili, ya zaga jirgin daga waje, ya leƙa ta taga, ya tafi ba sallama.

Na ce, "Idonsa ɗaya a ƙanƙance?"

Nassim ya ce, "Ka san shi?"

Na ce, "Aurena ne ya zo ya leƙa ya koma."

Na san zai dawo, na kuma san abin da yake nema. Na roƙi Nassim, duk ranar da tsohon ya kama wuri a sauke kwalaben. Da ranar ta zo na kwashe su na kai shagon wani abokinsa, na wanke bokitin, na dama jus ɗin bisap, wato zoɓo, da na citta, har dabino na sayo. Na sa riga mai dogon hannu.

Da la'asar sai ga su a bakin tashar Arsenal. Mai Moussa da kwat ɗinsa a kan jallabiya. Tanti Biba kuwa ta sha shadda ruwan goro da ɗaurin kallabi kamar mai zuwa suna, tana murmushi har kunne.

Na durƙusa. "Baba, sannunku da hanya. Ina gajiya? Ina mutanen Lyon?"

"Gaisuwar ta yi tsawo," in ji shi.

Tanti Biba ta ce, "Rabu da shi, Isufu. Tunda ya kawo ni ƙasar nan bai taɓa cewa in zo mu je yawo ba, sai yau. Allah shi yi maka albarka, ko ba a ba ka ɗiyar ba."

"Aiki muka zo, Biba."

"Kai ka zo aiki, Malam. Ni jirgi na zo hawa."

Na riƙe mata hannu ta shiga. Shi ya ƙi hannuna. Kafin ya zauna ya ɗaga matashin kujera ya duba ƙarƙashi, ya shinshina kofi, ya buɗe ɗan firij. Sai ya tsaya a kan bokitin.

"Wannan na mi ne?"

"Na sanyaya jus, Baba."

Ya ɗauki kwalbar bisap ya saka a ciki, ta nutse har wuya. Ya ciro ta, ya dube ni da idon nan, ya koma ya zauna can ƙarshen kujera, ya bar fili tsakaninsa da matarsa wanda zai ɗauki mutum biyu.

Nassim ya tada inji. Daga Arsenal ba a daɗewa ake shiga ramin da kanal ke bi ta ƙarƙashin titi. Doguwar rumfa ce ta dutse, da duhu da sanyi da warin ruwa, sai dai jefi-jefi akwai ƙofofi masu zagaye a sama da hasken rana ke zubowa ta ciki. Muna shiga Tanti Biba ta yi salati ta matso ta kama hannun kwat ɗinsa. Ya ce, "Yara na kallo." Ba ta saki ba.

A wurin nan ne nake yin zancena ga kiliyan. Ranar na yi niyyar in kama bakina, amma Nassim ya juyo ya ce, "Vas-y, Isufu, yi musu abinka. Sun biya kamar kowa."

Mai Moussa ya ce, "Wane abu?"

"Ba komai, Baba, ɗan bayani ne na tarihi."

"Yi mu ji. Yadda kake yi wa kowa. Kada ka rage."

To ni dai in an ba ni fili bakina ba ya jin birki. Na gyara murya na yi da Faransanci, sannan Tanti ta ce in mayar mata da Hausa. Na ce: "A saman kanmu duk Paris tana gudu, motoci da mutane, ba wanda ya san muna nan. Duhu ne, amma da an ɗan matsa gaba sai haske ya sauko. Haka rayuwa take in mutum ya sami nasa. Duhun ba ya ƙarewa, amma ba ka daɗewa ba ka ga haske ba."

Turawa a nan suke share hawaye. Tanti Biba kuwa sakin kwat ɗin ta yi, ta karkata kai tana dubana.

"Sai kuma ka ce, 'Ke ce hasken nan.' Ko ba haka ba?"



"Na taɓa jin wannan a kicin ɗina," in ji ta. "Nuriyya ta kunna mini shi a wayarta, ta sake kunnawa, har miyata ta kama. Muryarka ce. Ta ce ba wanda ya taɓa gaya mata irin haka."

Na yini ina ɓoye kwalba, ashe ba ta nan za a kama ni ba.

Mai Moussa bai ɗaga murya ba. Ya bari muka fito daga ramin, muka shiga ƙofar ruwa ta farko, inda ake rufe jirgi tsakanin bango biyu a cika ruwa ya ɗaga shi sama. Ina riƙe da igiya, ba inda zan gudu, mutane a kan gada suna ɗaukarmu hoto.

"Isufu. Wa ya fara jin maganar nan? Ita ko kiliyan?"

Na yi saurin lissafi. In na ce ita, to na ɗauki abinta na sayar wa baƙi. In na ce kiliyan, to gwanjo na ba ta.

"Baba, ai magana mai kyau ba ta tsufa."

"Ban tambaye ka shekarunta ba."

Igiya na cin tafin hannuna. Na ce, "Kiliyan."

"Bokitin fa?"

"Na shampan ne. Ni nake kawowa, ni nake buɗewa. Amma wallahi ban taɓa kai wa bakina ba."

"Ban ce ka rantse ba."

Sauran tafiyar ba wanda ya yi mini magana. Tanti Biba ta sha bisap ɗinta, ta ci dabino, ta ɗaga wa yara hannu a bakin ruwa, ta sa Nassim ya ɗauke ta hoto tunda ni ta daina kallona.

Akwai wata ɗabi'a ta Mai Moussa da ko maƙiyinsa yana yaba masa: ba ya kai rahoton mutum a bayan idonsa. Muna sauka a La Villette ya ciro waya, ya kira Maraɗi, ya buɗe murya yadda zan ji. Suka gaisa a gurguje.

"Alhaji, ga yaron nan a gabana. Aikinsa yana ɗaukar giya yana kai wa mutane. Ya ɓoye mini, da na matsa ya faɗa. Ban ga alamar yana sha ba, amma yini ɗaya na gan shi. Hannunsa ya san aiki. Bakinsa ya fi hannunsa gudu, kuma zancen da yake yi wa ɗiyarka shi yake yi wa kowa."

Alhaji ya ce shi zance bai dame shi ba, duk saurayi maƙaryaci ne. Kwalbar ce ba zai ɗauka ba. In na bar ta, kuma yarinya tana nan a kan bakanta, kawunnaina su zo neman aure.

Barin kwalba bai yi wuya ba. Nassim ya ce jirginsa ba ya tafiya ba ita, muka rabu lafiya, na dawo Lyon na shiga ɗaukar kwali a wani sito. Yarinyar ce ba ta nan a kan bakanta. Tanti Biba ta gaya mata komai ta waya tun suna jirgin ƙasan komawa Lyon, Nuriyya ta daina ɗaukar wayata.

Da ƙyar Tanti ta shawo kanta ta yarda mu haɗu a ɗakin gadi. Mai Moussa na zaune a bakin ƙofa yana gyaran wani makulli da na tabbata lafiyarsa lau. Nuriyya ko zama ba ta yi ba.

"Mata nawa suka ji zancen nan kafin ni?"

"Ban ƙirga ba. Amma su da mazansu suka zo."

"Kana ganin lokacin wasa ne?"

"A'a."

"To gaya mini abu ɗaya wanda ba ka taɓa gaya wa kowa ba. Ɗaya."

Ni da ake roƙo in yi shiru, na buɗe baki ba abin da ya fito. Duk wanda ya zo sai in tuna inda na taɓa amfani da shi. Na tsaya ina kallon takalmina har tiram ya zo ya wuce. Daga ƙarshe na ce, "Tunda kika daina ɗaukar waya, bayana ke ciwo saboda kwali, kuma ba wanda nake so in gaya wa sai ke."

Ta dube ni. "Wannan ko a kyauta ba mai saye."

"Shi ya rage."

Ta ja gyalenta ta nufi matakala. Sai da ta kai tsakiya ta juyo, ba ni ta kalla ba, Mai Moussa ta kalla. "Tonton, ka ce wa Baba kawunnansa su zo."

Na juya wurinsa ina washe baki. Bai ɗago daga makullin ba.

"Shirun nan da ka yi," in ji shi, "ya yi tsawo. Ban yarda da shi ba."

Amma ya ajiye makullin ya laluba aljihu ya ciro wayar.