Wayoyin da Oga Obi ya ɗaure da zare

Har gobe ban manta ranar da aka turo motar Alhaji Sule bakin rumfata ba, a gefen tasha, nan Keffi. Turowa fa na ce, da hannu, don an hana a tayar da ita. Shekarun nan ne na bayan yaƙin basasa da kuɗin mai ya fara shigowa, sababbin motoci na ta kwararowa, ni kuma ban daɗe da samun 'yancin buɗe wajena ba a matsayin rewaya, wato mai aikin wayar mota. Kaina a lokacin ya fi rumfar girma.

Motar katako ce ƙirar Ingila, tun ta kafin samun 'yancin kai, tana ɗauko doya daga Gitata. Injinta na fetur ya gaji, sai Alhaji ya sa wasu makanikai daga wani gari suka cire shi suka ɗora na gas. Kwana uku da gamawa, hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari a kan hanya, da lodi a baya. Allah ya kiyaye direban ya yi saurin cire kan batir.

Direban shi ne Baba Dauda, mutumin Jigwada, dattijo mai ƙarancin magana wanda ya riƙe motar tun tana sabuwa. Makanikan sun gaya wa Alhaji aikinsu lafiya lau, direba ne ya yi ta jone-jonen fitilu da ham har ya lalata wayar asali. Alhaji ya yarda. A gabana ya karɓi makulli, ya ce in duba, in har hannun direba ne, ranar zai ba wani matashi da ke jira. Baba Dauda na tsaye, hularsa a hannu.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. Mota irin wannan, wayoyin da aka yi ta da su a kamfani an naɗe su da saƙar zare kamar igiyar takalmi, kowace da launinta. Na baya-bayan nan kuwa roba ce a jikinsu. Ƙa'idar da na sani ke nan: mai saƙa ta asali ce, mai roba ƙari ce. Na leƙa na ga waya mai saƙa ce ta ƙone, wadda ta fito daga dainamo, abin da ke cika batir. Launi kuwa babu, shekaru da baƙin mai sun mayar da su duka kala ɗaya. Na riga na yanke hukunci a raina cewa wayar kamfani ce aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta, kuma makanikan sun yi gaskiya. Har na ɗauko almakashin waya zan sare komai in ja sabo, wanda da na yi, da shaidar ta tafi kwandon shara.

Sai Baba Dauda ya dafa hannuna. "Isa, kafin ka yanka, shafa ta ka ji ko da ƙulli."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Direba zai koya mini waya? Amma furfurarsa ta sa na zura hannu. Kusa da inda wutar ta tsaya, yatsana ya ci karo da wani ɗan tudu. Na goge da tsumma da kananzir, sai ga zaren ɗinkin buhu an naɗa sau uku an ƙulle tamau.

Nan ya ba ni labari. Kafin zuwana akwai wani rewaya a garin nan, Oga Obi, mutumin gabas, shi ke duba motar shekara da shekaru. Sabuwar waya na wuyar samu a zamaninsa, don haka yakan ciro mai saƙa daga matattun motoci ya yi ƙari da ita, kamarta ɗaya da ta asali. Saboda kada ya ruɗa na bayansa, duk wayar da ya ƙara sai ya ɗaura mata zare a kai da gindi. Yakan ce mai ƙulli tasa ce, in ta ba da matsala shi za a zaga, marar ƙulli kuwa ta Bature ce.

Na ajiye almakashi. Tun daga hantsi har la'asar ina kwance ƙarƙashin motar nan, ina bin waya ɗaya-ɗaya da yatsa da ƙwan gwajin wuta. Mai ƙulli in ware ta gefe, marar ƙulli in bi ta har inda ta nufa. Ban sami ko ɗaya da ya manta bai ɗaure ba, har da wadda ke can cikin lungun da sai ka karce hannu kafin ka kai, inda ya san babu mai gani. Jonin nasa kuwa a murɗe, an zuba dalma, ba irin na hanzarin da nake yi ba. Ina kwance a ƙasa kunya ta kama ni, ga kuma sha'awar mutumin da ban taɓa gani ba.

Da na ware nasa duka, sai curin wayoyin asali ya fito fili, kuma guda ɗaya babu, mai kaurin da ya kamata ta tafi dainamo. Na bi ta daga akwatin caji, na same ta a cikin ƙarfen gindin mota, laka ta rufe ta, bakinta da sabon yanka yana ƙyalli. Makanikan ne suka datse ta wajen ɗaga tsohon inji. Da suka neme ta suka rasa, sai suka kama wata siririya mai saƙa suka jona, alhali Oga Obi ya ja ta ne don ƙwan fitila ɗaya tak na cikin bodi. Wutar dainamo gaba ɗaya ta bi ta cikinta, ba abin da ya rage mata sai ƙonewa.

Na aika aka kira Alhaji. Na nuna masa yankan, na sa ya taɓa ƙullin da hannunsa, na ce, "Ranka ya daɗe, babu hannun Baba Dauda a nan ko kaɗan." Sai ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa masa, ya ce Malam Dauda ya yi haƙuri. Na mayar da wayar asali wurinta, muka tayar, allurar caji ta motsa yadda ya kamata.

Ina wanke hannu na tambayi Baba Dauda ina Oga Obi yake yanzu. Ya ce bai sani ba. Lokacin rikicin da ya zo kafin yaƙi, shi ya ɗauke shi da matarsa da 'ya'yansu a bayan wannan motar, ya rufe su da tamfol a tsakiyar doya, ya kai su har inda za su sami jirgin ƙasa. Tun ranar ko wasiƙa bai samu ba.

"Na ɗauka ni na taimake shi," in ji shi, yana shafa ƙofar motar. "Ashe ya bar mini nasa a ciki."

Abin da na koya ke nan: duk aikin da ka yi a jikin mota, wani zai zo bayanka ya karanta shi, kuma watakila abincin wani ya dogara da abin da zai gani. Ku yaran rumfata da kuke dariya in na ce a miƙo mini zaren buhu, yanzu kun san dalili. Ba ni na ƙirƙiro shi ba, na Oga Obi ne.