Ranar da Na Yi wa Karen Farauta Ɗaurin Rago

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina tuƙa wani dattijo Balarabe a Al Rayyan, kusa da Doha, bakina ya jawo mini abin da har yau in na tuna sai na yi shiru. Ranar da na fara aiki na ga wani dogon kare a bayan gidan, siriri kamar ba a ba shi abinci, irin wanda suke kira saluki. Don in samu shiga sai na ce, da guntun Larabcina, ai kakana Sarkin Baka ne a garinmu. Gaskiya na faɗa. Abin da na ɓoye shi ne a Fagge aka haife ni, kuma ko gafiya ban taɓa kashewa ba.

Tsohon ya riƙe maganar nan. Da korona ta shigo sai ta kama shi, ya yi makonni a asibiti, ya fito huhunsa ya taɓu, in ya hau matakala uku sai ya nemi wurin zama. 'Ya'yansa suka so hana shi fita daji gaba ɗaya. Shi kuwa ya ce abu guda ya rage masa: karen nan shi ya rene shi tun yana ɗan kwikwiyo, kuma bai taɓa ganin ya kama barewa ba. Aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe babban ɗansa ya yarda da fita ɗaya, a sanyin da ya gabaci gasar kofin duniya. Ɗaya tak, daga nan khalas.

Akwai wani filin gwamnati can cikin sahara da ake buɗe wa mafarauta lokacin sanyi. Sai da takardar izini, kuma ba a shiga da bindiga ko mota, sai raƙumi da shaho da kare. Babban ɗan ya nemo takardar. Tsohon ya nuna ni ya ce jikan mafarauci ne zai riƙe kare.

Wata biyu muna shiri. Kullum bayan sallar asuba in ɗauki tsohon da karen mu fita bayan gari, inda ƙarar manyan motocin gine-gine ba ta kaiwa. In ɓalle maƙalin ƙarfen igiyarsa, in ja mota yana bi. Ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Kare ne kafaɗa da kafaɗa da motar daji, jikinsa yana miƙewa yana naɗewa, ka rantse ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Tsohon yana kujerar gaba da takunkumi a haɓa, yana dukan ƙofa da tafin hannu yana cewa yalla, har tari ya sarƙe shi.

Ni kuma a ɓoye nake nawa karatun. Na kira kawuna a ƙauye, ya ce, "Kai dai ka riƙa duba inda iska take kaɗawa, kuma ka rufe bakin nan naka. Barewa tana jin ƙanshinka tun ba ka gan ta ba." Na tambaye shi sawu, na tambaye shi yanka, ban tambayi igiya ba, don ban san akwai abin tambaya a igiya ba. Wani abokina ɗan zangon Kumasi, mai gadi a unguwar Bin Omran, da ya ji labarin sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce, "Abokina, je ka gaya ma tsohon nan gaskiya. Daji ba ya rufa asiri." Na ce masa abin a jini yake.

Ranar farautar muka bar motoci a bakin filin da hantsi. Kafin a ta da raƙuma tsohon ya zaro wata doguwar igiya saƙar hannu daga jakarsa, ta sha hannu har ta yi santsi, ya ce ta mahaifinsa ce.

"Ajiye waccan ta kanti, ɗana. Ai ka san yadda ake yi."

"Na sani, Baba."

Yadda ake yi, daga baya na sani, shi ne a zura igiyar ta zoben wuyan kare a riƙe bakinta biyu a hannu. Lokaci na yi sai ka saki baki ɗaya, ta zame, kare ya tafi. Ni kuwa ɗauri ɗaya na iya a duniya, wanda muke yi wa ragon layya a ƙofar gida. Na yi masa ƙulli biyu masu kyau, na naɗe ragowar a wuyan hannuna, har ina yaba wa kaina.

Muka shiga. Tsohon da babban ɗansa a kan raƙuma, ɗan ya ɗaure ƙaramar tukunyar iskar numfashi a gefen sirdi, ni a ƙasa da kare. Na shekara uku a Doha ban san akwai shiru irin wannan a ƙasar ba. Ba hon, ba injin, sai takun raƙumi a kan tsakuwa. Tsohon da ba ya iya hawa bene yana can sama yana karanta ƙasa kamar allo, ya nuna wani ɗan gurbi da sanda ya ce barewa ta wuce nan da safe, ita kaɗai ce, ba ta cikin sauri. Ni ko da na durƙusa ban ga komai ba.

Can sai ya ɗaga hannu muka tsaya. Barewar tana tsaye a kan wani ɗan tudu, launinta launin yashi, cikinta fari fat, ta ɗaga kai tana kallonmu da manyan idanu baƙaƙe. Na manta kare, na manta kaina, bakina yana ta subhanallahi ban san ina yi ba.

"Sake shi," in ji tsohon, a hankali.

Na buɗe hannu. Karen ya yi tsalle, igiyar ta miƙe, ƙullin ya ƙara shaƙewa, ya fizge ni na faɗi da gwiwa. Ina kokawa da ƙulli da farce da haƙori, karen yana kuka yana tona ƙasa, barewa ta juya. Tsalle uku ta yi ƙafafu huɗu a sama lokaci guda, sannan ta miƙe. Gudun karen da nake ta mamaki wata biyu, sai na ga ashe akwai abin da ya fi shi kyau. Ɗan ya diro da wuƙa zai yanke igiyar, uban ya ce ya bari, ta yi nisa. Muka bi ta da ido har ta zama ɗigo, ɗigon ma ya ɓace.

Ɗan ya kalli ƙullin, ya kalle ni. "Wannan wane irin ɗauri ne?"

Uban na fuskanta. "Baba, ban taɓa farauta ba. Kakana ne mafarauci, ni direba ne kawai."

Tsohon bai kalle ni ba, idonsa yana inda ta ɓace. Ya daɗe yana mayar da numfashi kafin ya ce, "Tun ina saurayi nake bin su, kullum kare nake kallo. Yau na ga gudun barewa." Ya sa ɗansa ya nuna mini yadda ake zura igiyar, muka ci gaba da nema har azahar ba mu ga wata ba. Numfashinsa ya fara gagara, muka juyo.

Bai sake fita ba. Lokacin gasar ina ratsa cunkoson baƙi da tutocinsu ta unguwar Mushairib ina kai shi asibiti, muna hirar komai, bai taɓa ɗauko maganar ranar ba. Bayan an watse da 'yan watanni Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga nan in aka miƙo mini abin da ban iya ba, ina cewa ban iya ba, ko gaban wa nake. Amma ba wannan ne yake tsaya mini a rai ba. Har yau ban sani ba ko gaskiya tsohon ya faɗa a filin nan, ko kuwa asirina ya rufa a gaban ɗansa. Fita ɗaya aka ba shi, na ɓata masa ita saboda kunyar tambaya ɗaya, ya kuma tafi kabarinsa bai ce mini ko kanzil ba. Allah ya jiƙansa.