Auduga a Kunnen Bidi

Ran nan da safe babu abin da ya dame ni sai kanwa. Na tashi zan dama kunu na tarar babu ko gutsure a ƙoƙo, na kuma san inda ta tafi. Saje ya kwashe ta ya jiƙa wa dokinsa. Na yi ta mita ina hura wuta. Shi kuwa yana turke yana goge Bidi da tsumma, ya yi kamar ba da shi nake ba.

Saje mijina ne. Sojan doki ne a barikin Kano tun kafin a kai ni gidansa. Da yaƙin Turawa ya tashi aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Bama. A can aka ce babu dawaki, aka ba su alfadarai. Mutum da igiya uku ta muƙamin saje a hannun riga, ga shi yana jan alfadari cikin laka. Alfadara ce ma ta cire masa haƙorin gaba, ba harsashi ba, ko da yake a zaure ba haka yake ba da labarin ba. Da aka sallame shi ya dawo ƙauyenmu, gabas da Rano, ya sayi ɗan doki bidi ya huce haushinsa a kansa. Ya koya masa tsayuwa, ya koya masa kwanciya, ya koya masa amsa fito. Gajeru biyu, dogo ɗaya. Ko dawa Bidi yake ci, in ya ji wannan zai bari ya zo. Mazan unguwa duk suka koyi fiton don wasa. Nasu tas yake fita. Na Saje kuwa iska tana bi ta giɓin haƙorin, ƙarshensa ya fito da ɗan huci.

Lokacin zaɓe ne, an gama cire gyaɗa. Sabo ƙanen Saje ya hau tebur a kasuwar Rano ya yi lacca, ya faɗi abin da ba a faɗa, ya shiga mota ya yi Kano abinsa. Ya bar mu a gida: ni, da Saje, da 'yata mai shekara uku, da Inna mahaifiyarsu, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Da hantsi ina zaune ina kaɗi na ji mota. Mota ba ta shigo mana sai in sayen gyaɗa aka zo. Ta tsaya wajen rijiya, ba a kashe ta ba. Sai ganga. Sai ihun maza da yawa. Kafin in ajiye mazari na ji ƙaurin zana tana ci da wuta. Gidan telan da ya ɗinka wa su Sabo tuta aka fara.

Saje ya hau rumbu ya leƙa. Ya sauko da wata fuska da ban san shi da ita ba.

"Goya yarinya!"

Na goya ta. Ya ɗaura sirdi, ya sare dangar bayan gida da adda. Ni ban taɓa hawa doki ba, ko jaki tun ina yarinya rabona da shi. Ya ɗaga ni cak ya ɗora. Audugar da nake kaɗi tana dunƙule a hannuna, na manta ban yar ba. Na waiwayi ɗakin Inna. Ba za ta iya riƙe kanta a kan doki ba, mu duka mun sani. Daga ciki ta ɗaga murya:

"Ku fitar mini da jikata!"

An fara dukan ƙofar zaure. Ana kiran sunan Sabo. Saje ya danƙa mini linzami.

"Kibiya, gidanku! Bi rafi, kar ki bi hanya! Na ga Ɗanlami a cikinsu. In kin ji fito, ba ni ba ne. Kar ki juyo!"

Ɗanlami maƙwabcinmu ne, shi ya fi kowa iya kwaikwayon fiton. Ran sunan 'yata shi ya yanka ragon.

Saje ya daki ƙugun doki. Muka faɗa cikin dawa. Ganye yana yankan fuskata. Yarinya tana tsala kuka a bayana. Na riƙe geza da hannu ɗaya, ba abin da nake iya faɗa sai sunan Allah. Mun kusa fita gonar ƙarshe aka yi fito. Gajeru biyu, dogo ɗaya, tas.

Bidi ya ja ya tsaya, saura kaɗan in tuntsura ta kansa. Ya juya. Na ja linzami har na ga jini a bakinsa, bai san ina yi ba. Ya kama hanyar gida da sassarfa. Na hango su a bakin gona, da gora, da adda, ɗaya da bindigar toka. Suna yi mini dariya. Dokin mijina yana kai musu ni da 'yata.

Na kwanta a kan wuyansa. Na yaga audugar nan gida biyu, na cusa masa a kunnen dama, na cusa a na hagu, na danna da ɗan yatsa. Ya yi ta kaɗa kai. Na murɗe linzami gefe guda da hannu biyu, na zuba masa dunduniya. Ya juya. Suka sake fito, suka sake. Bai ji ba. Muka gangara rafi.

Rafin ya ƙafe, sai yashi. Ya zagaya ta bayan duwatsu ya sake matsowa kusa da ƙauye kafin ya miƙe gabas. Hayaƙi ya tokare sama ta wajen gidanmu. Rana ta take tsaka. Yarinya ta daina kuka, ta ƙanƙame wuyana, numfashinta yana dukan ƙeyata.

A nan na ji fito daga hagu, cikin kwazazzabo. Gajeru biyu, dogo ɗaya, da huci a ƙarshe.

Na san shi. Ko cikin kasuwa aka yi shi zan san shi. Na duba hagu. Mutum uku suna gudu a kan gaɓa, sun nufi inda ƙarar ta fito, suna tsakanina da ita. Na dubi kunnen Bidi. Audugar ta leƙo fara sol, ba ta fi tafin hannu daga yatsuna ba. In na zare zai tafi, ba kuma zai tambaye ni ba. Zai ratsa ta tsakiyarsu da ni da abin da na goya.

Aka sake yi, wannan karon bai kai ƙarshe ba. Na sa haƙori na ciji geza don kar in yi ihu. Ban zare ba. Bindiga ta tashi sau ɗaya. Ban ƙara jin komai ba sai kofato a yashi.

Azahar ta wuce mu a daji. Cinyoyina suka saluɓe, jini ya manne zanena da sirdi. Wata Bafillatana mai tallan nono ta gan mu ta ajiye ƙwarya, ta ba yarinya ruwa, ba ta tambaye ni komai ba. Ta nuna mini hanya da hannu. Ana kiran la'asar muka shiga Kibiya. Babana yana alwala a ƙofar gida. Ya ga 'yarsa a kan doki ba mayafi, buta ta faɗi daga hannunsa.

Washegari Baba ya tafi da mutane. A kwazazzabon suka sami gawar Saje. Ya goyo Inna, ya ɗaure ta a bayansa da rawaninsa. Tun a gida aka sare shi a cinya, da haka ya kawo ta har can. Da ƙafar ta ƙi, ya kira dokinsa. Sa'ad da ya ce mini ba shi ba ne, gaskiya ya faɗa, bai san zai kai ga haka ba. Ba a kwance rawanin ba sai da za a yi musu wanka. Nan gefen rafi aka binne su kusa da juna.

Na yi takaba a ɗakin uwata. Ina son mutumin nan, da mitar da komai. Bidi ya ƙi cin abinci, ya rame, Baba ya ba wani mutumin Tarai shi. Gidan ban koma na gani ba, an ce ko rumbu bai tsira ba.

Mu huɗu muka kwana a gidan. Mu biyu muka iso. Yarinyar tana aure a Durba, har ta yi jikoki. Na taɓa tambayarta ko tana tuna fuskar babanta. Ta ce ita dai warin gumin doki take tunawa.