Kawu Ilu Mai Ɗanɗana Kwalta

Duk wanda ya san Kawu Ilu, yayan babata, ya san ba a yin facin titi a Daura bai ɗanɗana ba. Wallahi da harshe! Tsohon leburan titi ne, a bakin tukunyar kwalta ƙuruciyarsa ta ƙare. Sai ya tsuguna, ya ɓanɓaro da farce, ya jefa baki kamar goro, ya lumshe ido.

"Wannan ba zai ga damina ba."

Kuma ba zai gani ɗin ba. In na tsaya da babur ɗina na ce, "Kawu, a kawo yaji?" sai ya ce, "Ja can, ɗan nema! Ƙashin ƙafarka nake wa aiki."

To, sai kwalbatin hanyar maƙabarta ya rufta. Aka fitar da kuɗin gyara, aka ba wani ɗan kwangila. Kwana biyu an gama, baƙi wuluk, sai sheƙi. Injiniya ya zo dubawa, ko sauka daga mota bai yi ba. Kawu ya tare shi, ya miƙa masa ɓarɓashi ta taga.

"Bismillah, ranka ya daɗe."

"Baba, in yi me da shi?"

"Ci mana. Ni na ci. Yashi ne da baƙin man gareji. Ƙasa kuwa buhunan shara aka cusa."

Injiniya ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, Baba," direba ya ja mota.

Tun daga ranar Kawu ya dasa kujera a gefen facin yana korar masu wucewa. Wata rana da tsakar rana ya kamo rigata.

"Kai mai bakin tsiya, kara kunnenka a facin nan."

Na kwanta don in ba mutane dariya. Jama'a, titi na ƙuna, amma iska ce mai sanyi ke fitowa ta wata 'yar tsaga, huuu, ta ɗauke, ta dawo. Na miƙe ina yaƙe.

"Numfashi yake," in ji Kawu. "Yunwa yake ji. An biya kuɗin abincinsa, wani ya cinye. Ranar da na mutu kada ku bi da ni ta kansa. Ba don ni ba, don masu ɗauka."

Cikin damina ya rasu. Bayan sallar gawa hadari ya haɗo, aka ce zagaye ya yi nisa, a miƙe kawai. Na tuna maganarsa sarai, na ja bakina, ina riƙe da gaban makara.

Saura taku uku mu hau facin, makara ta yi nauyi. Kawun da bai kai buhun dusa ba! Mu shida, muka kasa gaba. Aka canja hannu, haka. Ba wanda ya kalli ɗan'uwansa. Can liman ya ce a hankali, "Ku juya." Muna juyawa ta koma sakayau, muka bi ta zagaye.

Da muka dawo daga binnewa, babu faci. Ba mota ta taka ba, ba babur. Da kansa titin ya buɗe baki, ramin ya fi tsayin mutum, baƙin ruwa na gudu a ƙasa. Ranar ban yi wa kowa tsiya ba.

Kawu, siraɗi kam ba aikin ɗan kwangila ba ne. Allah ya ƙetarar da kai lafiya, ya sanyaya makwancinka.