Harbin da Mai Silima Bai Gani Ba

Har yau Mai Silima ake ce masa a layinsu, ko da yake an daɗe da mayar da gidan silimar wurin ajiye siminti. Shekara ashirin da shida ya yi a ɗan ɗakin sama, daga shi sai injin haska fim guda biyu, ga zafi ga ƙara, yana leƙen allo ta wata 'yar taga. Ba shi da yawan magana, amma ka kuskura ka tayar da zancen fim ɗin kaboyi, to nemi wurin zama, kai ka jawo wa kanka.

Akwai guda ɗaya da ya fi ƙauna, na wani maƙeri mai gyaran kofaton dawaki da ɗan fashin da ya kashe masa ƙane. A ƙarshe su biyun sukan tsaya a bakin rijiya, kowa hannunsa a kan ƙugu. To, daidai nan faifai na biyar ke ƙarewa. Da ɗigon alama ya bayyana a kusurwar allo, dole ya tayar da inji na biyu, ya juya ya tare jelar fim ɗin da ya ƙare kafin ta yage. A ƙeyarsa yake jin harbin, da ihun 'yan kallo. Kafin ya dawo taga, ɗan fashi na kwance, maƙeri ya hau doki. Ya haska fim ɗin nan ya fi sau ɗari, wallahi ko sau ɗaya bai ga harbin ba, kuma mai gidan silimar ba ya yarda a kunna inji babu 'yan kallo.

Matarsa ya roƙa ta je ta gano masa, ta tafi da ƙanwarta. Matar ce ta ba shi labari: maƙeri ya bari ɗan fashi ya fara zaro bindiga, sai maƙerin ya harbe ta daga hannunsa, hularsa ta faɗa rijiya, sannan ya juya masa baya. Sai da mugun ya lalubo wuƙa tukuna aka gama da shi. Duk sanda fim ɗin ya dawo gari sai ta sake zuwa, ta sake ba shi labarin tana kwatantawa da ludayi. Shi kuma haka ya riƙa gaya wa mutane, kamar da idonsa ya gani.

Yau shekara shida da rasuwarta, ba su kuma haihu ba. Ɗakin ya yi masa girma, yakan wuni bai yi magana da kowa ba. Da likita ya ce idonsa na hagu ya tafi, na dama ma yana kan hanya, abu ɗaya ya tsaya masa a rai: ya ga harbin nan kafin duhu ya rufe.

Ƙanwar matar tasa, wadda ita ma yanzu jika gare ta, ita ta sa mai tura fina-finai a kasuwa ya nemo fim ɗin. Da hantsi ya je gidanta, ya ja kujera har hancinsa na neman taɓa talabijin, tana ta yi masa tsiya wai angon yayarta zai cinye mata allo. Aka zo bakin rijiya. Ɗigon ya bayyana, wuyansa ya fara juyawa da kansa, ya riƙe hannun kujera ya daure.

Santsin laka ne ya kwashe ɗan fashin, ya faɗi zaune, maƙeri ya harbe shi a ƙasa. Shi ke nan. Babu hula, babu wuƙa.

Ya ce an yanke fim ɗin. Ta ce ba a yanke komai ba. Da ya gaya mata yadda yayarta ke ba da labarin, dariya ta kama ta har da hawaye.

"Haba Yaya, matarka da faɗuwar murfin tukunya ke firgita ta? Ai da sun tsaya a rijiyar nan take cusa kanta a cinyata. A hanyar gida take shirya abin da za ta gaya maka."

Ya ji kewar matarsa ta taso masa sabuwa fil. Ƙanwar ta daina dariya, ta ce ko ta mayar masa baya ya sake gani. Ya girgiza kai.

"Kashe kawai. Ke dai gaya mini, a hanyar me da me take cewa?"

Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ta kalli rufin ɗaki, ta murza goshi, can ta ce abin ya daɗe, ta manta. Ya yi mata godiya, ya lalubi takalminsa, ya kama hanyar gida yana bin jikin bango.