Kaset ɗin Baffa Bala

Yaran da muka tashi tare a Bungudu, kowa da irin tatsuniyar da kakarsa ta rene shi da ita: wasu kura da zomo, wasu aljanun bakin rafi. Ni kuwa tawa kakar, Inna Hajo, mahaifiyar babana, tatsuniyar ƙwallon ƙafa take yi mana. Tsohuwar da ba ta taɓa leƙa filin wasa ba, gidan kallo ma ba ta san ƙofarsa ba, amma ta san tarihin wata tsohuwar ƙungiya ta ƙasar Ayislan kamar ita ta yanke mata cibiya.

Dalili kuwa autanta ne, Baffa Bala. Ina ɗan shekara shida ya tafi can buga ƙwallo. Ban manta ranar ba, rabin gari ne ya raka shi bakin titi, har da makaɗa. Inna ba ta yi boko ba, don haka maimakon wasiƙa sai ya riƙa ɗaukar muryarsa a kaset. Wata Madam Ngozi mai sayar da busasshen kifi a Sabon Garin Gusau ce take karɓo mana, domin ƙanenta yana aiki a wani kamfanin kifi a ƙasar. In kaset ya zo, Inna takan shiga ɗaki ta tura ƙyaure, ta rage muryar rediyo ta saurara ita kaɗai, sannan ta jefa shi cikin adaka ta kulle. Ko da wayar hannu ta shigo gari, cewa ta yi a bar su da kaset ɗinsu, ita ba ta jin magana a wannan ɗan abin. Mu sai dai mu jira yamma ta ba mu abin da ta ga dama.

Lokacin damina na fi tunawa. An ci tuwo an wanke hannu, garwashi bai mutu ba a murhun rumfarta. Ta jera ɗanyar masara a kai, mu jikoki da yaran maƙwabta mu kewaye ta. Ni ne mai fifita, domin wai ni ne mijinta.

"Kai Lawali, maigidan da ba ya cefane, matso ka hura mini wuta. Ko wanga ma ya fi ƙarfinka?"

Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta taso daga ƙasar ƙanƙara, tana rawar ɗari."

Mu kuma mu haɗa baki, "Ta matso ta ji ɗumi!"

Wai akwai wani tsibiri can ƙarshen duniya, inda ruwa yake daskarewa ya zama dutse, wuta kuma tana fitowa daga cikin tsaunuka. Wani lokaci na shekara rana ba ta son fitowa, wani lokacin kuma ba ta son faɗuwa. Fiye da shekara ɗari da suka wuce, 'ya'yan masunta na wata unguwa suka ga baƙi matuƙa jirgin ruwa suna buga wani abu da ƙafa, suka ce su ma sai sun yi. Ƙwallo ɗaya tal gare su, yau ta kwana gidan wannan gobe gidan wancan, kamar turmin aro. Fili babu, sai wani fako mai duwatsu, da hannu suka tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ciyawa ma babu, a kan tsakuwa suke bugawa, in ka faɗi sai ka bar wa ƙasa fatar gwiwarka. A haka suka fara cin kofi. Suka ci, suka sake ci, jikokinsu suka ci, har sai da aka ware wa kofuna ɗaki nasu. Akwai shekarun da suka lalace aka sauke su zuwa rukunin ƙasa, tsofaffi suna share hawaye a bakin fili, amma ba wanda ya koma wata ƙungiya. Suka sake tashi.

"Har matansu ma suna bugawa," in ji Inna, "kuma su ma sun cika nasu kabad da kofuna."

Mukan yi ihu mu ce ƙarya ne. Ta ce duk wanda bai yarda ba ya ajiye mata masararta.

Kowace rana kuma ƙarshen tatsuniyar ɗaya ne. Sai ga wani baƙin yaro daga Bungudu ya iso, ya yanke mutum uku, ya girgiza raga, Turawa suna ta kiran sunansa ba su iya faɗa daidai ba. Hotonsa yana nan a bangon ɗakin Baba, sanye da rigar ƙungiyar, ya rungume wani kofi mai kunnuwa biyu. To wa zai yi musu?

Ni dai abin ya shiga jinina. Daga ƙwallon tsumma na koma ta roba, daga ta roba na koma ta fata, kuma ba yabon kai ba, ƙafar haguna tana magana. Ina shekara goma sha biyar muka je wasa Tsafe, na ci biyu. Wani da ake kira Koci Ɗanjuma, mai kai yara waje, ya biyo ni har gida. Ya ce zai kai ni sansaninsu a Legas, daga nan sai Turai, amma makaranta sai a haƙura da ita. Baba, wanda ko zazzaɓi nake yi ba ya yarda in yi fashi, ya dubi hoton ƙanensa ya ce, "Hanyar da Bala ya bi ya ga alheri, ba ni zan tare maka ita ba." Aka sa ranar Asabar.

Ranar Alhamis bayan tuwo rumfar Inna ta cika. Matan maƙwabta sun shigo yi mini sallama, abokaina suna nan, har Baba da bai taɓa zama wurin tatsuniya ba ya jawo kujera. Ni kuwa sai hura hanci nake yi, jakata tana ɗaki a ɗaure. Na lura Inna ba ta tsokane ni ba, masara ma har ta fara ƙonewa ba ta juya ba. Ta fara kamar kullum: tsibiri, ƙwallo ɗaya, duwatsu, kofuna. Da ta iso wurin yaron Bungudu, abokaina suka fara tafi tun kafin ya ci.

"Ku dakata," ta ce. "Yau ba zai ci ba."

Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Wanga yaro, satinsa uku da zuwa, ana gwada shi, ya tashi sama ya sauko a kan gwiwa. Gwiwar ta tsinke. Aka yanka aka ɗinke, aka sake yankawa. Likita ya ce ƙwallo ta ƙare. Bai taɓa buga musu wasa ko ɗaya ba."

Wata maƙwabciya ta ce, "Kai Inna, wace irin tatsuniya ce wannan, yaro zai yi tafiya?"

Baba ya yi murmushin dole. "Inna, wasa kike yi ko?"

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki, muna jin ƙarar kwaɗon adaka. Ta fito da rediyonta da wani tsohon kaset, ta miƙa wa Baba ta ce ya saka. Sau biyu yana sakawa a juye.

Muryar Baffa Bala ta fito, muryar da shekara tara ban ji ba. Ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ƙafa ta tafi. Amma mutanen nan ba su kore ni ba. Akwai wani dattijo mai kula da kayan ƙungiya, ya ce in zauna in riƙa taya shi. Ina wanke riguna, ina kwashe ƙanƙara a fili, ina goge kofuna. In muna gogewa sai ya ba ni labarin kowane kofi, da wanda ya ci shi, da yadda aka sha wuya. Ba na kwana da yunwa. Amma Inna, ina so in dawo gida. Ki gaya wa Yaya. Ki gaya mini in dawo?"

Kaset ya ci gaba da huci babu magana.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Baba. Ya maimaita ya fi sau uku. "Wannan na yaushe ne?"

"Na farko ne."

"Shekara tara, Inna! To mene ne kika ce masa?"

"Na ce kada ya dawo tukuna. Na ce kada ya gaya wa kowa." Muryarta ba ta yi rawa ba, wannan ya fi komai ba ni tsoro. "Da makaɗa aka raka shi. Na ji kunyar ya dawo yana ɗingishi a nuna ni da baki. Na ce bari a ɗan manta. Sai ku yara kuka tambaye ni labarinsa, na ce ya ci. Gobe kuka sake tambaya, na sake cewa ya ci. Tarihin ƙungiya duk gaskiya ne, daga bakinsa na ji. Cin ƙwallon ne nawa."

Wallahi ji na yi kamar an kwara mini ruwan randa. Na dubi abokaina, kowa ya buɗe baki. Matan suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, ko sallama babu, kuma na san kafin gari ya waye babu gidan da labarin ba zai shiga ba. Baba ya tashi ya ce, "Lawali, je ka kwance jakarka." Ban san lokacin da na yi wa Inna tsawa ba, ni da ko kallon banza ban taɓa yi mata ba.

"Sai yau? Sai da aka sa rana? Ke kika sa mini abin nan a rai!"

"Ni ce," ta ce. Ta tsame masarar da ta zama gawayi ta jefar.

Tatsuniya ta mutu a gidanmu daga ranar. Na koma makaranta ina jin ana ce mini ɗan Turai a baya. Wata shida gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da Inna, ita ma daga bakin ƙofa. Ita kuwa ta daina zuwa biki da suna. Baba ya je wurin Madam Ngozi ya samo lambar waya, ya kira ƙanensa, suka yi ta kuka kamar yara.

Bayan girbi Baffa Bala ya sauka a tashar Gusau. Na je da tunanin zan ga mutumin cikin hoto, sai ga wani mai furfura a gemu yana jan ƙafar dama. Da ya shiga gida Inna ta kasa tashi, shi ya durƙusa da ƙafa ɗaya ya sa kansa a cinyarta.

Ana sati biyu da zuwansa ya bi ni fili ya tsaya ya kalli wasanmu har aka tashi. A hanyar gida ya ce, "Lawali, ni shekara tara ina kallon 'yan wasa a kusa. Ka fi ni nesa ba kusa ba. Ƙafa irin taka, da ka je, ina jin da ka buga."

Tirƙashi. Da na fara lallashin kaina cewa Inna cetona ta yi, sai ga wannan. Ban ko cire takalmi ba na faɗa rumfarta, na zayyana mata abin da ɗanta ya ce, ina jira ta ƙaryata shi.

"Na sani," ta ce. "Kowa ya ce ka fi shi."

"To don me?"

"Mi kake so in ce maka? Ba don na ga za ka karye ba ne. Na ba da ɗaya, ya roƙe ni ya dawo na hana shi. Ban iya ba da na biyu ba. Son kaina ne, maigida. In za ka riƙe ni da shi, riƙe."

Na riƙe ɗin kuwa, ba zan ɓoye ba. Har ta rasu ban gama saki ba, ko da yake ni nake kai ta asibiti Gusau a bayan babur, tana riƙe da rigata tana cewa tuƙina kamar na ɓarawon akuya.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Tsafe, da yamma ina horar da yara. Na daɗe ina ɗauka darasin daren nan shi ne ƙarya ba ta da kyau, abin da ko ɗan aji ɗaya ya sani. Sai da na haifi nawa na gane abin ya fi haka nauyi. Tsohuwar nan ta san in ta kunna kaset ɗin mutuncinta ya zube a garin da aka haife ta, ta san zan tsane ta, ta sa aka kunna. Ta kuma san mai yiwuwa arzikina take tarewa, ba ta fake da cewa don ni ta yi ba. Har yau ban san ko in gode mata ko in yi fushi ba, wata rana ina yin duka biyun kafin azahar.

Bara wani uba daga Magami ya zo mini da ɗansa, wai an ce za a kai shi waje, in ba shi shawara. Na zaunar da su na ba su labarin ƙungiyar, na ba su na gwiwar Baffa, na kuma gaya musu abin da Baffa ya ce mini a hanyar gida. Uban ya ce, "To Malam, ya tafi ko kada ya tafi?" Na buɗe baki, na dubi yaron, sai na ga sa'an babban ɗana ne. Na ce masa ni ba zan iya faɗa ba.